Ranar da Gwaggo Ta Yi Shiru

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, har fushi ya rasa wurin zama ya tsaya a bakin ƙofa, Yaya, babban ɗan marigayi mai wannan masana'anta ta gasa tama, wato dutsen da ake fitar da ƙarfe daga cikinsa, yana sanar da 'yan uwa, da ma'aikata, da direbobin tifa da suka saba yin layi a bakin get, da maƙwabtan da suka yi shekara da shekaru suna ƙorafin ƙara, cewa Gwaggo ta ce ga garinku nan. Maƙwabta sai su gyara shimfiɗa su yi barci. Abin da suka daɗe suna nema ya samu.

Ga wanda bai san ta ba, Gwaggo ba mutum ba ce, ko da yake ta fi mutane da yawa amfani. Ganga ce ta ƙarfe, doguwa, kwance a kan tayoyinta a bayan tanderu, aikinta kuwa sanyaya tamar da aka gasa. Tsawonta ya kai tirela biyu a jere, kuma ƙato zai iya takawa a cikinta bai sunkuya ba. Baba ne ya kawo ta tun Yaya yana makaranta, ƙanensa Auta kuwa yana goye. Ranar da aka sauke ta ya ce wa 'ya'yansa ga ƙanwarsa nan ta zo zama, su girmama ta. Daga nan sunan ya bi ta, har sabon lebura kan yi sati yana neman tsohuwar da ake ta cewa a duba ko ta sha ruwa.

Marigayiya mai haƙuri ce, kuma haƙurinta ba na baki ba ne. Tama tana fitowa daga tanderu ja zur, da zafin da in ta taɓa belin robar da ke jigilarta sai dai a share toka. A haka Gwaggo take buɗe baki ta karɓe ta. Sai ta yi ta juyawa a hankali, ba gaggawa, ba nuna isa. A cikinta akwai farantai na ƙarfe jere da juna, su ɗebo tamar, su ɗaga ta sama, su zubo da ita ta cikin iskar da fanka ke ja, yadda kowace tsakuwa za ta sha iska ta kowane gefe. A bayanta kuma bututu ne mai huji-huji yana yayyafa mata ruwa ba fashi. Zafin ya ratso ƙarfen, ruwan ya kwashe shi, ya tashi tururi. Iskar da ta ɗumama a cikinta ma ba ta yar da ita, tanderu take mayar wa don kada ya ci mai fiye da ƙima. Kafin tama ta gangara zuwa ɗaya bakin ta huce, har Yaya kan tara hannu ya dumbuzo, ya murza, ya san yadda Gwaggo ta kwana. Abu biyu kawai ta taɓa roƙa a rayuwarta. A bar mata fatarta a buɗe don zafi ya sami hanyar fita, kuma kada a tsayar da ita da wuta a ciki. Wannan doka kowa a masana'antar ya san ta, har mai shara.

Ba kyakkyawa ba ce, ba kuma wanda zai yi mata ƙaryar kyau yau don ta mutu. Tsatsa ta ci jikinta, ruwa ya zana mata farin layi-layi, mai walda ya bar mata faci a wurare da dama. Muryarta kuwa sai a hankali. Gurrr-dum, gurrr-dum, haka take cewa daga safe zuwa wata safiyar, ruwan bayanta yana amsawa da shaaa. Idan tana son giris sai ta ƙara da ƙiii siririya a ƙarshen kowane juyi, kuma ba ta taɓa yin ƙiii ɗin ƙarya ba. A gefenta ko ihu mutum ya yi, bakinsa kawai za a ga yana motsi. Yaya, da ya fi kowa zama kusa da ita, kullum da auduga a kunne, duk da haka kunnen ya yi nauyi. Ya kai har yana jin ta ko ba ta nan. A gida yana jin ta, a mota yana jin ta, matarsa ta gaji da tambayarsa me yake kaɗa wa kai.

Akwai wani aiki da marigayiya ta yi wa gidan nan wanda ba a rubuta shi a takardar da ta zo da ita ba. Yaya da Auta tun suna yara ba sa shan inuwa ɗaya. Yaya zuciya a kusa, Auta baki a gaba. Baba da ya gaji da raba su sai ya ɓullo da dabara. Duk ranar da suka tashi faɗa, sai ya kama kunnen kowanne ya kai su gefen Gwaggo na hagu, inda ƙarar ta fi yawa, ya nuna musu da hannu su faɗi duk abin da ke ransu. Sai su yi ta zazzaga wa juna, jijiyar wuya a tashe, babu mai jin ko harafi ɗaya. In sun gaji, muryar ta dushe, sai su dubi juna su ga abin dariya, su tafi su ci abinci a kwano ɗaya. Baba ya rasu, Yaya ya riƙe injuna, Auta ya riƙe ofis, furfura ta fito wa babban, tumbi ya fito wa ƙaramin, amma ba su bar wannan hali ba. Ma'aikata sun saba. In suka ga masu gida biyu sun nufi gefen hagu, sai kowa ya kau da kai, sun san an tafi sauke zafi. Abin da Gwaggo ta haɗiye na maganganun 'yan uwan nan, da a ce an ji rabinsa, da tuni an raba gado.

Ciwon ajalinta ya fara ne da tafiyar da Yaya ya yi don nemo mata sabbin haƙoran giyar da ke juya ta. Don ita ya yi tafiyar, a lura da wannan. Yana juya baya Auta ya samo wasu baƙi masu son zuba jari, ya sa musu ranar ziyara, sannan ya zagaya masana'anta da idon baƙo, ya tsaya a kan Gwaggo ya ji kunya. Kunya! Gangar da ta biya masa kuɗin makaranta ita ce abin kunya. Ya sa aka juye cikinta aka tsayar da ita ta huce, ya kira mai fenti, aka lafta mata shuɗi mai ƙyalli, aka bari ya bushe aka ƙara, aka kuma ƙarawa, har da sunan kamfani da fararen haruffa a haƙarƙarinta. Wato wadda take rayuwa da zufa aka lulluɓe da bargo. Da aka tashe ta, ruwan yayyafi ya fara ɓata fentin, sai Auta ya ce a rage ruwan. Tama ta fara fitowa da zafinta, beli ya fara warin ƙonanniyar roba, mai shara ya taka wata tsakuwa da silifas ya yi tsalle ɗaya da bai yi irinsa ba tun yana saurayi. Safiyar ziyarar aka rufe ruwan gaba ɗaya, wai kada ya fallatsa wa baƙi a riga.

A wannan safiyar Yaya ya dawo, da haƙoran giya a bayan mota. Ya tarar an kafa rumfa, an jera kujeru, baƙi sun zauna sun harɗe ƙafa. Inna, mahaifiyarsu, tana layin gaba da surukanta biyu a gefenta. Can baya ga wata aba shuɗiya tana juyawa a bushe, ba tururi, ba shaaa. Sai da ya ƙura ido ya gane ta ta wani faci da shi da kansa ya riƙe wa mai walda. Bai gaisa da kowa ba. Ya cusa audugarsa, ya cafko hannun Auta, wanda ya sha farar shadda yana baki har kunne, ya ja shi gefen hagu kamar yadda aka saba, ya ba wa Gwaggo baya, ya buɗe wuta.

Abin da Yaya bai sani ba, Auta ya riga ya tsara komai. Ya gaya wa Dogo, mai kula da makunnan marigayiya, cewa da ya ɗaga hannu a tsayar da ita don a ji jawabinsa. Ya san dokar sarai, amma ya ce jawabin gajere ne. Ya kuma gaya wa mai lasifika cewa da ta yi shiru ya kunna 'yar makirufon da aka maƙala masa a wuyan riga. Baƙi suna jira, lokaci ya yi, Yaya ba alamar zai gama. Sai Auta ya ɗaga hannu ta saman kafaɗarsa.

Gurrr-dum. Gurrr. Ta yi wata ajiyar zuciya, ta tsaya.

Yaya bai ji ta tsaya ba. A kunnensa tana nan tana juyawa, ƙafafunsa kuma suna rawa don fushi, bai lura ƙasa ta daina rawa ba. Ya ci gaba, da dukan muryar da ya saba yi wa gasa da ƙarfe, lasifika kuma ta ɗauka ta raba wa kowa har bakin titi.

"Fenti, Auta? Fenti? Wa ya ce maka amarya ce? Kai da ba ka san sifana daga cokali ba! Ka san abin da ya sa Baba ya ba ka ofis? Ba don kana da kai ba ne. A gadon asibiti ya riƙe hannuna ya ce, ka ba yaron nan kujera da fanka ya zauna, kar ka bari ya taɓa komai, duk abin da ya taɓa sai ya lalace. Kaya ne kai! Kaya Baba ya bar min, ni nake ɗauke da kai!"

Wannan magana ba sabuwa ba ce. Tun da aka binne Baba Yaya yake faɗarta a wurin nan, kalma a kan kalma, Gwaggo tana shanyewa. Abin da ya ba shi mamaki ranar shi ne Auta bai rama ba. Ya tsaya kawai, hannunsa a sama ya manta bai sauke ba, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Sai Yaya ya hango 'yar makirufon a wuyansa, ya waiga rumfa, ya ga matar Auta ta rufe fuska da mayafi, baƙi kowa ya sami abin kallo a takalminsa. Ya zaci lasifikar ce kaɗai ta tona masa asiri. Ko kusa bai kawo a ransa cewa Gwaggo na tsaye a bayansa da wuta cike da ciki ba.

Inna ta miƙe da sandarta ta ce, "Ku biyo ni." Suka bi ta ofis kamar yara, ta rufe ƙofa, ta miƙa hannu da kanta ta zare audugar daga kunnen babban ɗanta.

"A gaban baƙi?" in ji ta. "A gaban surukaina? Da furfurarka, kai da ya kamata a ce kana rufa wa ƙanenka asiri?"

Ta yi ta faɗa, Inna in ta fara ba ta san gajere ba. Da ta tsaya shan numfashi sai Auta ya yi magana, a hankali, abin da bai saba ba.

"Yaya, ai ni ma ya riƙe hannuna. Ya ce, ka riƙe ofis, kar ka bar yayanka ya buɗe baki a gaban mutane, korar su zai yi, shi da ƙarfe kaɗai ya iya zama. Ka lallaɓa shi. Kullum sai na gaya maka a gefen Gwaggo. Ba ka taɓa ji ba ne."

Duk wannan lokacin Dogo yana bakin ƙofar ofis. Dogo tun zamanin Baba bai taɓa danna komai ba sai an ce ya danna. An ce ya tsayar, ya tsayar, ba a ce ya tayar ba. Ya zo neman izini, ya ji muryar Inna a ciki, sai ya cire hula ya tsaya, don shi ba a yi masa tarbiyyar katse babba ba. Ya yi gyaran murya, ya koma ya leƙa Gwaggo, ya dawo ya sake gyaran murya. A can kuwa tama ta kwanta wuri ɗaya a ƙasan cikinta tana gasa ta. Ƙasan ya yi zafi ya miƙe, saman bai bi shi ba, bayanta ya fara lanƙwashewa. Fentin ya yi bororo, ya fashe, ya fara hayaƙi baƙi. Wani cikin baƙin ya yi ihun gobara. Maigadi, bawan Allah mai son a ga ƙoƙarinsa, ya jawo tiyon kashe wuta ya saita shi daidai inda ya fi ja, ya sakar mata ruwa mai sanyi ƙalau.

Tas!

Wannan ita ce kalmarta ta ƙarshe, kuma har Yaya ya ji ta ta cikin rufaffiyar ƙofa. Ya ture Dogo ya fita da gudu. An gwada juya ta, ta ɗaga daga kan taya ɗaya, haƙoran giyarta suka ci juna, tama ta zubo ta tsagar da ta ratsa sunan kamfanin gida biyu. Injiniyan da aka ɗauko washegari ya auna ta, ya shiga cikinta da tocila, ya fito ya karkaɗe wando ya yi wa Yaya ta'aziyya. Bayan da ya lanƙwashe haka ba ya miƙewa, tsagar kuma ta yi nisan da walda ba za ta riƙe ba. Sabbin haƙoran giyan suna nan a bayan mota cikin ledarsu.

Yaya yana so a sani cewa bai yafe ba. Bai yafe wa mai fenti ba, wanda ya ga ƙarfe yana zufa bai tambayi dalili ba. Bai yafe wa maigadi ba. Bai yafe wa Dogo ba, wanda ladabinsa ya yi kisan kai. Bai yafe wa mai lasifika ba, da ya ji abin da ake faɗa ya ƙara murya maimakon ya kashe. Baƙin kuwa, da suka sulale ɗaya bayan ɗaya amma ba wanda ya manta da jakar kyautarsa, Allah ya haɗa kowa da rabonsa can nesa da nan. Akwai kuma wanda Yaya ya fi jin haushi, wanda ba a iya zuwa a tsare shi da tambaya. Tsoho ya kwanta a gadon asibiti, ya kira 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora wa kowanne ɗan uwansa a ka, ya bar kowanne yana taƙama shi ne mai ɗauka. Allah ya jiƙan Baba, amma wannan aikin bai kyauta ba. Game da shi kansa Yaya, wannan sanarwa ba ta da abin cewa.

Marigayiya ta rasu ta bar tanderu, abokin zamanta, wanda ya huce tun ranar, don ba shi da inda zai kai abin da ya gasa. Ta bar fanka da beli, da ma'aikata da ke zuwa kowace safiya su zauna a gindin katanga su kalli juna. Ta bar Inna, wadda ta daina cin abincin kirki. Ta kuma bar 'ya'yan wanta biyu, waɗanda tun ranar ko sallama ba ta haɗa su ba. Gidajensu katanga ɗaya ce, da 'yar ƙofa a tsakani da yara ke bi. An sa wa ƙofar kwaɗo, kuma daga ɓangaren Auta aka sa. Lauyansa ya riga ya zo ya zagaya masana'anta yana auna fili da ido. Kowa ya sani, muddin Gwaggo na juyawa ba mai iya raba wurin nan, don tanderu ɗaya ne, ganga ɗaya. Yanzu kuwa babu abin da ba zai rabu ba.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da hantsi, a inda ta kwanta. 'Yan gwangwan za su zo da injin yanka da motar ɗaga kaya, za a fitar da ita gunduwa-gunduwa ta ƙofar baya. Ba a buƙatar rumfa, ba a buƙatar kujeru, lasifika kuwa duk wanda ya zo da ita shi ya san abin da zai tarar. Masu zuwa ta'aziyya su kiyaye harshensu, kada wanda ya ce wa Yaya ai ƙarfe ne kawai. Kafin a yanka ta za a kankare mata fentin, Yaya ya rantse ba za ta fita daga gidan nan da kayan aro ba. Ya fara kankarewa da kansa, amma jikinta da faɗi, hannu biyu ba sa isa, kuma akwai makankari na biyu a jingine ga wanda ya san shi ya sa aka shafa.

Yaya zai tsaya a gefen hagu, wurin da aka saba. 'Yan gwangwan sun ce injinsu yana da ƙara sosai, in ya tashi ba mai jin wani. Ya ce kada su kunna shi sai Auta ya iso, in ya iso ɗin ma su dakata tukuna. Ba wai Yaya ya huce ba ne, kada a kai labarin da ba shi ba. Amma mutum ya yi shekaru yana yi masa ihu a fuska, 'yan jimlolin nan na ofis kaɗai Yaya ya samu ya ji. Sauran suna nan wurin Auta. Ya zo ya faɗe su duka, da zagin da komai, a gaban gawar wadda ta riƙe musu amana. Yaya zai zo ba auduga.